Ruwan Indararo: Lita Nawa Rufin Ɗaki Ke Zubarwa a Damina?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sayen ruwa ya san abin da ke faruwa a daren da hadari ya haɗo daga gabas. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa uwargida ta tashi yara, an fito da bokitai da baho da tukwane, an jera su a ƙarƙashin bakin kwano. Cikin 'yan mintoci duk sun cika sun tumbatsa, sauran ruwan kuwa ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya, ya faɗa kwata. Gari na wayewa a yi ta murna an huta da sayen ruwa na kwana biyu. Bayan wata shida kuma, a tsakiyar zafin bazara, yaran wannan gida ne za a gani sun bi layi a bakin famfo, ko sun tsaya a ƙofar gida suna jiran mai garuwa.

Abin tambaya a nan shi ne: ruwan da aka tara a bokitan nan nawa ne, wanda ya bi rariya kuma nawa ne? Mutane da yawa suna ɗauka sai injiniya ne zai iya ba da wannan amsa. Alhali kuwa ɗalibin da ya iya ninka lamba da lamba, yana da igiyar awo da gwangwani da rula, zai iya fitar da ita a zama ɗaya. Amsar kuma tana da amfani, domin da ita ne magidanci ko shugaban makaranta zai san girman tankin da ya dace ya saya, kada ya zuba kuɗi a kan wanda ba zai taɓa cika ba, ko kuma wanda zai cika a ruwa guda ya bar sauran damina tana wucewa a banza.

Milimita ɗaya, lita ɗaya

Idan an ji a rediyo cewa an yi ruwa milimita 30 a wani gari, ma'anarsa ita ce da a ce ƙasar garin shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, ba ta shan ruwa, ruwan kuma ba ya gangarawa ko'ina, to da zurfinsa a kowane wuri zai kai milimita 30, wato santimita uku. Ana auna ruwan sama da zurfi ne, ba da yawa ba, domin zurfin ba ya canzawa ko filin babba ne ko ƙarami. Wannan dabara ta daɗe. Tun a shekarar 1441, zamanin Sarki Sejong, aka ƙera ma'aunin ruwan sama na ƙarfe a ƙasar Koriya, daga baya aka rarraba irinsa a larduna domin hukuma ta san halin da manoma ke ciki.

To, ta yaya zurfi zai koma lita? A ɗauki fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, wanda ake kira murabba'in mita ɗaya. Idan aka gina akwati a kansa mai tsayin mita ɗaya aka cika shi da ruwa, zai ci lita 1,000 cif. Tun da yake mita ɗaya milimita 1,000 ce, kowace milimita ta zurfin ruwan akwatin nan lita ɗaya ke nan. Wannan ita ce ƙa'idar da dukan lissafin ya hau kanta: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin. Ruwan milimita 30 da aka ambata ɗazu ya sauke lita 30 a kan kowane murabba'in mita, wato ya fi jarkar mai garuwa mai cin lita 25, a kan filin da bai kai tabarma ba.

Tsofaffin littattafan labarin ƙasa sukan ba da ruwan sama da inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka garin da aka rubuta yana samun inci 32 a shekara yana samun kimanin milimita 813.

Inuwar rufi ake aunawa

A nan ne aka fi yin kuskure. Ɗalibi zai so ya hau tsani ya auna tsawon kwanon daga tsororuwa zuwa baki, ko kuma ya tambayi kafinta bandir nawa ginin ya ci, tun da ya san bandir ɗaya falle 20 ne. Duka hanyoyin biyu za su ba shi lamba fiye da gaskiya. Fallayen kwano suna hawa kan juna wajen bugawa, ga kuma batun gangara. Ruwan sama daga sama yake saukowa, saboda haka abin da rufi ke tarewa daidai yake da filin ƙasar da ya rufe, ko da rufin ya yi tsini kamar dala ko ya kwanta kamar daɓe. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a tuna da inuwar da gini ke yi lokacin da rana ta take tsaka. Girman wannan inuwa shi ne girman da ake nema. Rufin da ya karkata digiri 30, alal misali, shimfiɗar kwanonsa ta fi inuwarsa da kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma wannan ƙarin ba ya kawo ko ɗigo ɗaya.

Saboda haka ba a bukatar tsani. A tsaya a ƙasa a auna tsawo da faɗi, amma daga inda ruwa ke ɗiga zuwa inda yake ɗiga a ɗaya ɓangaren, ba daga bango zuwa bango ba. Galibi ma ruwan da kansa ya riga ya zana layin a ƙasa, ɗan kwarin nan da ke kewaye gini. Bakin kwanon da ya zarce bango ba abin rainawa ba ne. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, murabba'in ƙafa 144 ne, kimanin murabba'in mita 13.4. Idan ɗakin shi kaɗai yake tsaye, kwanonsa kuma ya zarce da ƙafa ɗaya da rabi ta kowane gefe, inuwar ta zama 15 sau 15, wato murabba'in ƙafa 225, kusan murabba'in mita 21. Wanda ya manta da bakin kwano ya yar da fiye da sulusin ruwansa tun a takarda. Mai aiki da ƙafa sai ya raba sakamakonsa da 10.76 ya sami murabba'in mita. Ginin da ya yi kwana kuwa, sai a yanka shi gida-gida a takarda, a lissafa kowane yanki, a haɗa.

Akwai wata 'yar togaciya da ta shafi ƙasar Hausa. Yawancin manyan ruwaye a nan daga gabas suke tasowa da iska mai ƙarfi, abin da ya sa magina na gargajiya suka fi kula da yaɓen bangon gabas. Iskar takan karkatar da ruwa, ɓarin rufin da ke fuskantar gabas ya sami fiye da rabonsa, na yamma ya sami ƙasa da haka. Idan ana tara ruwan ɓangarorin biyu, rarar wannan ta cike giɓin wancan, lissafi bai ɓaci ba. Amma wanda kuɗinsa bai isa ya sa indararo a ɓangare biyu ba, zai fi cin riba in ya zaɓi na gabas.

Ba duk abin da ya sauka ke isa randa ba

Girman rufi sau zurfin ruwa yana ba da abin da ya sauka a kan rufin. Abin da zai isa tanki bai kai haka ba. Wani ya jiƙa rufin ya tsaya nan, wani ya fantsama ya tsallake indararo, wani ya tsiyaye ta mahaɗar bututu, wani kuma zafin kwano ya mai da shi tururi. Yayyafin da ya sauka a kan kwanon da ya wuni a rana yakan ƙare ba tare da ɗigo ya faɗo ƙasa ba. Domin a cire wannan asara, masana sukan ninka sakamakon da wata lamba da ba ta kai ɗaya ba, wadda za a iya kira kason kwarara. Idan kason 0.85 ne, ana nufin cikin kowace lita ɗari da ta sauka, 85 ne ke isa inda ake so.

Kason ya danganta da irin rufin. Kwano shi ne zakara, domin ba ya shan ruwa, yana da santsi, ga gangara. Akan ba shi tsakanin 0.8 da 0.9. Rufin kankare shimfiɗaɗɗe yana biye da shi da ɗan rata, saboda ruwa kan kwanta a kansa ya bushe kafin ya kai mafita. Jinka ce ta ƙarshe, akan ba ta wajen 0.2, domin ciyawa tana riƙe ruwa da yawa, abin da ta saki kuma ya fito da launi da ɗanɗanon ruɓaɓɓiyar ciyawa. Soron ƙasa yana tsakani, kuma babu lamba ɗaya da za ta dace da kowane soro: wanda aka yi wa sabon yaɓe da makuba ko laso ya fi sakin ruwa a kan wanda ya shekara uku ba a taɓa shi ba. Ruwan soro dai jajir yake fitowa, ya fi dacewa da ban ruwan shuka da kwaɓa ƙasa. Su magina na da, abin da ya dame su shi ne su raba ruwan da gini, shi ya sa suke yin indararo dogo wanda zai watsa shi nesa da gindin bango.

Yanzu an sami dukan ƙa'idar: girman inuwar rufi, sau milimitar ruwan sama, sau kason kwarara, shi ne yawan lita.

A gwada ta a kan ginin makaranta mai aji biyu, wanda inuwar rufinsa ta kai mita 20 tsawo da mita 9 faɗi, wato murabba'in mita 180. A ce yana Kano, inda matsakaicin ruwan shekara da aka daɗe ana lissafawa yake tsakanin milimita 800 da 900. A ɗauki 800 domin a tsaya a kan na ƙasa. Abin da zai sauka a kan rufin shi ne 180 sau 800, lita 144,000. Tun da lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, tan 144 ke nan na ruwa yake faɗowa daga bakin kwanon wannan gini kowace shekara, kuma wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ake ganin gindin azuzuwa ya zaizaye har harsashi ya fito. In an sa indararo, abin da za a iya kamawa shi ne 144,000 sau 0.85, lita 122,400. Duro 612 ke nan masu cin lita 200, ko jarka 4,896. Mai karatu na iya ninka wannan da kuɗin jarka a unguwarsu ya ga abin da ke bin kwata.

Lissafin gida mai mutum takwas

A koma gida. A ɗauki gidan da jimillar inuwar rufin kwanonsa murabba'in mita 80 ce, mutum takwas ke cikinsa. Kowace milimita ta ruwan sama za ta ba su 80 sau 0.85, lita 68. A shekarar milimita 800 za su sami lita 54,400. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata domin sha da girki da ɗan tsabtace jiki. Mutum takwas lita 160 ke nan a rana. In aka raba 54,400 da 160, za a sami kwana 340. Wato a takarda, rufin gidan nan ya kusa shayar da mutanensa shekara guda cur.

Gida iri ɗaya a wani gari zai ba da wata amsa dabam. A Zariya, inda ake samun kimanin milimita 1,000, zai ba da lita 68,000. A Damagaram, mai wajen milimita 400, lita 27,200. A Agadas kuwa, inda ruwan shekara bai wuce ɗari da 'yan kai ba, da wuya ya kai lita 10,000.

Sai dai kwana 340 ɗin nan yana iya yaudarar mutum, domin ruwan ba a rarrabe yake zuwa ba. Kusan dukansa cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma ta ɗauki kaso mafi tsoka. Saboda haka lissafin shekara bai isa ba, sai an bi wata-wata. A ƙaddara wata shekara da ruwanta ya rabu kamar yadda ya saba rabuwa a yankin Kano: Mayu milimita 50, Yuni 120, Yuli 200, Agusta 290, Satumba 130, Oktoba 10. Jimilla 800. In aka ninka kowanne da 68, gidan zai sami lita 3,400 a Mayu, 8,160 a Yuni, 13,600 a Yuli, 19,720 a Agusta, 8,840 a Satumba, sai 680 a Oktoba. Abin da suke amfani da shi kuwa bai canzawa, kimanin lita 4,800 ne kowane wata.

A watan Mayu ruwan bai ishe su ba. Daga Yuni ne rara ke farawa: 3,360 a Yuni, 8,800 a Yuli, 14,920 a Agusta, 4,040 a Satumba. In an tara rarar nan duka, lita 31,120 ce, kuma wannan lamba ita ce girman tankin da gidan ke bukata idan ana so kada a yi asarar komai. Da irin wannan tanki a cike a ƙarshen Satumba, za su ci Oktoba da Nuwamba da Disamba, su ƙetare hunturu, su wuce Maris, ruwan ya ƙare wajen 18 ga Afrilu, saura 'yan makonni damina ta faɗi.

To amma tankin lita 31,000 ba ƙaramin gini ba ne. Rami ne zagayayye mai faɗin mita huɗu da zurfin mita biyu da rabi, wanda sai an yi masa siminti da rodi da murfi. Magidanta kaɗan ne za su iya. Wanda kuwa ya sayi tankin roba mai lita 2,000 ya sani cewa ruwa ɗaya mai milimita 30 ya cika shi, in kuma ruwa ya ɗauke, kwana 12 kawai zai yi musu. Irin wannan tanki yana rage sayen ruwa a damina, kuma wannan ma riba ce, amma ba shi da abin da zai yi wa rani.

Mafita tana tsakiyar waɗannan biyu, kuma lissafin ne ke nuna ta. Ruwan rufi ya fi tsada wajen ajiya, saboda haka a keɓe shi ga abin da ya fi bukatar ruwa mai kyau, wato sha da girki, a bar wa rijiya wanki da wanka. In aka ware lita biyar ga kowane mutum a rana, gidan na bukatar lita 40. Rani na kwana 210 zai ci lita 8,400. Tankin lita 9,000 ko 10,000 ya wadatar, kuma rarar watan Agusta kaɗai ta cika shi. Irin wannan tunani aka bi a arewa maso gabashin Burazil, yankin da shi ma yake fama da rani na kusan wata takwas. Daga farkon shekarun 2000 aka shiga gina wa gidajen karkara tankunan siminti masu cin lita 16,000, ɗaya a kowane gida, domin sha da girki kawai, har aka gina ɗaruruwan dubbai. A Tailan kuwa, cikin shekarun 1980, manyan randunan siminti masu cin lita 2,000 aka yawaita, gida ya fara da ɗaya ya riƙa ƙarawa gwargwadon ƙarfinsa. Wannan hanya ta biyu ta fi kusa da aljihun talaka, kuma randa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Wani abin lura shi ne matsakaicin ruwan shekara ba alkawari ba ne. A farin 1973 ruwan da Kano ta samu bai wuce kusan rabin abin da ta saba ba, aka kuma sake shiga wani farin a 1983 da 1984. Mai hankali zai yi lissafinsa sau biyu, ɗaya da shekara matsakaiciya, ɗaya da shekarar fari. Gidan da aka yi misali da shi, ko da ruwa ya tsaya a milimita 400, zai sami lita 27,200, wanda ya ninka bukatar sha da girki ta shekara kusan sau biyu. Shirin da ya tsaya a kan sha da girki yana jure fari ke nan, shirin kwana 340 kuwa ba ya jurewa.

Sa'a guda ta ruwa kamar da bakin ƙwarya

Girman tanki lissafin watanni ne, girman indararo da bututu kuwa lissafin mintoci ne. Ruwan ƙasar Hausa yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, kuma samun milimita 50 cikin sa'a ɗaya ba abin mamaki ba ne a tsakiyar damina. A kan ginin makarantar nan mai murabba'in mita 180, wannan ya zama 180 sau 50 sau 0.85, lita 7,650 cikin sa'a guda. In aka raba da daƙiƙa 3,600 da ke cikin sa'a, za a sami lita biyu da ɗoriya kowace daƙiƙa. Duro zai cika cikin minti ɗaya da rabi. A 'yan mintocin da ruwan ya fi tsananta kuma, gudun na iya ninka haka. Indararon da ya yi ƙanƙanta, ko wanda aka kafa ba tare da 'yar gangara zuwa bakin bututu ba, ko wanda ganyen darbejiya ya toshe, zai yi ambaliya daidai lokacin da ruwa ya fi yawa, kason 0.85 ya faɗi zuwa rabi ba tare da mai gida ya sani ba. Dogon gini ya fi son bututu biyu ko uku a kan guda ɗaya.

Wannan hanya ta ninka girman fili da ƙarfin ruwa da kason kwarara, wani injiniya ɗan ƙasar Ailan mai suna Thomas Mulvany ne ya bayyana tushenta a 1851, kuma har yau da ita ake ƙiyasta girman magudanan ruwa na ƙananan unguwanni. Ita ce kuma ke fayyace dalilin da ya sa ambaliya ke ƙaruwa a birane ko da ruwan sama bai ƙaru ba. Gona tana shanye mafi yawan ruwan da ya sauka a kanta. In aka mai da ita unguwa, aka rufe ta da kwano da siminti, aka kuma cike kududdufin da ke karɓar rarar aka yi gini a kai, ruwan da ƙasa ke sha a da sai ya bi titi.

Abokan zama a kan rufi da cikin tanki

Ruwan sama yana da tsabta kafin ya taɓa rufi. Amma rufin da ya yi wata bakwai ba ruwa ya tara ƙurar hunturu, da kashin tantabara da na ƙadangare da na jemage, da busassun ganyaye, wani lokaci har da mushen ɓera. Kashin tsuntsaye da na ƙadangaru yakan ɗauki ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, masu haddasa gudawa da zazzaɓi. Saboda haka ruwan farko na shekara, da ma na biyu, wankin rufi ne, a bar su su tafi. Bayan haka, duk lokacin da aka yi kwanaki ba ruwa, a zubar da milimitar farko, wato lita ɗaya ga kowane murabba'in mita. Gida mai murabba'in mita 80 zai zubar da lita 80. Wasu sukan sa guntun bututu a tsaye ya fara cika kafin ruwa ya wuce tanki, amma lissafi ya nuna gazawar wannan: bututu mai faɗin santimita 10 lita takwas kawai yake ci a kowace mita, sai an sami mita goma kafin ya ɗauke lita 80. Ƙaramin duro mai famfo a gindi ya fi dacewa. Ko da an zubar da lita 80 sau 50 a damina, lita 4,000 ce, kimanin kashi bakwai cikin ɗari na abin da rufin ke bayarwa.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a cikin tanki abu biyu ne ke ɓata shi: haske da ƙofa. Inda haske ya shiga gansakuka za ta tsiro. Inda aka bar ƙofa kuwa sauro zai shiga, musamman irin wanda ake kira Aedes aegypti, mai zanen fari a ƙafafu, wanda ya fi son yin ƙwai a ruwa mai tsabta da ke cikin randa da duro da tsohuwar taya. Shi ne ke yaɗa ciwon shawara da zazzaɓin denge, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba. Murfi mai kamawa sosai da raga mai ƙananan idanu a bakin kowane bututu, har da na fitar rara, su ne maganinsa. Ruwan da ya malala daga tanki ma a yi masa hanya zuwa gindin bishiya ko ramin tsakuwa, domin ɗan tabkin da ya kwanta a rana shi ne wurin haihuwar sauron Anopheles mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Ruwan da za a sha kuma, musamman wanda za a ba yara ƙanana, a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin.

Aikin da aji zai iya yi a damina ɗaya

Duk lambobin kason kwarara da aka kawo a sama ƙiyasi ne na gaba ɗaya, kuma aji ɗaya na iya fitar da na makarantarsu. Abu na farko shi ne ma'aunin ruwan sama. A sami gwangwani miƙaƙƙe wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. Bokiti bai yi ba, domin bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai nuna zurfi fiye da gaskiya. A kafa gwangwanin a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a ɗaga shi kamar santimita 30 daga ƙasa, a tokare shi kada iska ko awaki su kifar da shi. Kowace safiya a lokaci ɗaya a auna a rubuta a zubar. Rula tana aiki, amma kwalbar awo ta ɗakin gwaje-gwaje ta fi ta daidaito: gwangwani mai faɗin baki santimita 10 yana tara mililita 7.85 a kowace milimita, saboda haka mililita 157 na nufin an yi ruwa milimita 20.

Sai a zaɓi ƙaramin rufi, kamar rumfar ajiye kekuna mai mita uku da mita biyu, a sa mata indararo zuwa cikin duro. Ruwan milimita 20 a kan murabba'in mita shida ya kamata ya ba da lita 120. Duron da aka saba da shi, mai faɗin kimanin santimita 57, yana cin lita biyu da rabi a kowace santimita ta zurfi. In aka tsoma sanda aka tarar da zurfin santimita 40, lita 100 aka kama, kason kwarara kuwa shi ne 100 a raba da 120, wato 0.83. A maimaita bayan kowane ruwa, a ware sakamakon yayyafi dabam da na ruwa mai ƙarfi, ɗalibai za su ga da idonsu cewa kason yana hawa yana sauka. In akwai soro ko jinka a kusa, wani rukunin ya ɗauki wannan, a kwatanta a ƙarshen zango. Malamin da zai jagoranci aikin ya tanadi murfi mai nauyi ga duron saboda ƙananan yara, ya kuma tabbata an juye ruwan kafin ya cika mako guda.